Tsinkaye Huɗu a Kan Dutse

Ƙarar ta taso ne daga bayan gidana, ta hanyar da ke gangarawa bakin teku. Kiii, sai shiru. Kiii, sai shiru. Can kuma sai wani sauti siriri, tinnn, irin na 'yar tasar tagulla da muke bugawa a gaban hotunan matattunmu. Ina kwance na ce ko wani tsuntsu ne da ba a taɓa gani ba. Tun da tashar nukiliya ta fashe nake sa ran ganin irinsa. Na ja bargo ina sauraro har barci ya ɗauke ni.

Da safe aka ce an sace gawar.

Ni na tsince ta kwana biyu kafin nan. Sunana Tsuneo, a aji shida na bar makaranta na shiga jirgin kamun kifin babana. Yanzu da na tsufa aikina yawo a bakin ruwa, ina kwasar abin da teku ta tofar. Ina da kaguwa mai ƙafa tara a kwalba, da takalma goma sha ɗaya duk na ƙafar hagu. Ran nan sai na tarar da sunameri, dabbar nan mai launin toka da ke shaƙar iska tana shayar da 'ya'yanta nono. Ƙarama ce, ba ta fi tsawon yaro ba. Gyambo ya cinye mata gefe guda, igiya kuma ta naɗe wutsiyarta, da ɗan ƙwallon roba irin na ragar kamun kifi a jiki. Na yanke igiyar na kai gida, na yi ta nuna wa duk wanda ya yarda ya duba.

Ita ce ta huɗu a sanyin bana. Ukun farko hankaki da ruwa sun riga mu. Wannan kuwa sabuwa ce, shi ya sa aka sa ta a ɗakin ƙanƙara na ƙungiyar masunta, wata likita daga jami'a za ta zo ranar Juma'a ta feɗe ta, ta faɗa mana ko gubar tashar ce ke kashe su.

Kowa a Okihama yana jiran Juma'a, amma babu mai jira kamar maƙwabciyata Fumie. Shekara shida ke nan da babban ruwa ya share garin, tashar ta fashe, aka kwashe mu. Cikin gida ɗari huɗu, talatin da ɗaya ne suka dawo, babu yaro ko ɗaya. 'Yarta Kanako tana Niigata da jikarta Koharu, wadda za ta shiga aji ɗaya a Afrilu. Uban yarinyar, Shunpei, ya fita da jirginsa ranar babban ruwa, ba a ga ko hularsa ba. Kanako ta faɗa wa uwarta magana ɗaya a waya: ƙarshen wata ake rufe rajistar makaranta, in likita ta ce ba gubar ba ce za ta dawo da yarinyar, in ba haka ba kada a sake yi mata zancen. Fumie har ta shanya ƙaramar katifa a rana.

*

Na tarar da mutane sun cika ƙofar ɗakin ƙanƙara. Genzo, shugaban masunta, yana tsaye ciki gaba. Gabansa ga tsohon malamin makarantarmu, Yokota, wanda kowa ke kira Sensei, wato malam, da 'yar na'urar auna guba rataye a wuyansa.

"Ka ji daɗi ko, Genzo?" in ji Sensei. "Babu gawa, babu labari, kifinka ya sayu a Tokyo."

"Sensei, da girmanka. Kai da ko ruwan wanka sai ka auna? Wa ya sani ko tana cikin motarka, za ka kai wa 'yan jarida su ɗauke ka hoto kana share hawaye?"

"Tun kana aji uku ba ka iya ƙarya ba."

"Tun ina aji uku kake tsorata mutane!"

Mitsu, uwar Shunpei, wadda ke share ɗakin ƙanƙara, tana zagayawa da butar shayi. Fumie na zaune a kan akwatin kifi ta haɗa hannuwa a cinya. Ɗan sanda ya zo daga gari na gaba, ya ce mushen dabba ba shi da mai shi, ya rubuta layi biyu ya tafi.

Sai ga Sakuji ya sauko daga tudu da sandarsa. Maharbi ne, shi hukuma ta ɗauka ya rage aladun dajin da suka gaje gidajenmu lokacin da muke gudun hijira. Ya girme ni da shekara biyu, yana ɗingishi, ba ya kallon fuskar mutum sai ƙafarsa.

"Ku ja da baya," ya ce. "Kun tattake wurin kamar shanu a mashaya."

"Saku-san, aladunka ne," Genzo ya ce wa Sakuji, da "san" ɗinmu na girmamawa. "Ga sawunsu nan birjik."

Sakuji ya taɓa kwaɗon ƙofar da sanda. "Haka ne. Sun ɗauko makulli ƙarƙashin tukunya, sun buɗe, sun ɗauki nama, sun mayar sun kulle. Aladu masu tarbiyya. Sensei ne ya koyar da su?"

Wasu suka yi dariya, ba ta daɗe ba. Na matsa na faɗa masa ƙarar da na ji.

"Tsuntsu ne, ina jin," na ce.

"Tsuntsu mai ƙafar amalanke. Biyo ni, Tsune, amma ka tsaya bayana."

*

A gefen ɗakin, inda ƙasa ke da laushi, ya tsuguna ya tsinci guntayen taba uku. Ya kira Genzo gefe.

"Takalminka ne wannan. Ka tsaya nan har taba uku ta ƙare."

Genzo ya dubi ƙasa, wuyansa ya yi ja. "Na zo. Ba zan ɓoye ba. Shekara shida ana auna kifinmu, kwando bayan kwando, ana cewa lafiya lau, kuma mai saye ya ji sunan Fukushima ya ajiye. Hoto ɗaya na wannan dabba ya isa ya kashe mu. Na ce in ɗaure mata dutse in kai ta can cikin teku."

"Sai me?"

"Sai na tuna ni ma jiya na ci kifin nan. Na ce bari dai in ji abin da likitar za ta ce."

"Sawunka ya juya gida ba nauyi," in ji Sakuji. "Tafi abinka."

Motar Sensei kuwa tun daga nesa take ƙarni. Ya yi ta ja-in-ja kafin ya buɗe bayanta. Akwatin sanyi ne cike da kifi da ganyen teku, kowanne a leda da kwanan wata.

"Ina aika wa wani abokina ya auna mini," ya ce. "Ban yarda da awon hukuma ba."

"Me abokin ya samu?"

Sensei ya gyara tabarau. "Kusan babu komai."

"To ai sai ka yi murna."

"Murnar me, Saku-san? In babu komai, me ke kashe su? Na karanta cewa can ƙetaren teku ma dabbobi na mutuwa, wasu su ce gubarmu ce, wasu su ce ciwo ne da ɗumin ruwa. Ni na koya wa yaran garin nan cewa tashar ba za ta taɓa fashewa ba. Yana cikin littafi, na sa sun haddace. Yanzu in na ga lamba a takarda sai in ji tana yi mini dariya." Ya rufe akwatin. "Ba zan sace abin da zai ba ni amsa ba."

*

Daga ɗakin ƙanƙara zuwa sabuwar katangar teku duk siminti ne. Ni ban ga komai ba. Sakuji yana tafe yana nuna ɗigo-ɗigon fari inda ruwan gishiri ya bushe. Da muka tsallake katanga muka shiga filin da dā shi ne tsakiyar gari, sai ga sawun ƙafa biyu na amalanke a jar ƙasar da aka zuba aka binne unguwanninmu.

"Mutum ɗaya," ya ce. "Ƙaramin takalmin roba. Taku talatin, ya huta. Taku talatin, ya huta. Ga kiii ɗinka da shirunka."

Muka bi. Fili ne fetal, babu gida, babu bishiya, amma amalanken bai miƙe ba. Ya tafi, ya karya dama, ya tafi, ya karya hagu, kamar mai kauce wa bango.

"Maye ne?" in ji Sakuji. Shi mutumin tudu ne, bai san cikin gari ba.

Na tsaya na rufe ido. Sai na ga shagon mai tofu, wato awara, a kusurwa, na ga gidan wanka da hayaƙinsa, na ga lungun da karen mai aski ke kwanciya.

"Ba maye ba ne," na ce. "Titunan dā yake bi."

A wani wuri sawun ya tsaya, ƙafafun amalanken sun nutse, alamar an daɗe. Sakuji ya tambaye ni gidan wa ke nan a dā. Na ce an zuba ƙasa, ba zan iya tantancewa ba. Na san wurin. Na dai ce wa kaina ƙila na yi kuskure, don ni mutum ne mai yawan kuskure.

Sawun ya gangara wani lungun duwatsu da ba a hango shi daga gari. Kafin mu isa muka ji ƙauri. An tara itacen da ruwa ya kawo an yi babbar wuta, ga galan na kananzir babu komai a ciki, tokar da sauran ɗumi. Sakuji ya tona da sanda.

"Babu ƙashi," ya ce. "Ko ɗaya. Mai ɓoye laifi ƙonawa yake yi ya gudu. Wa zai zauna ya tsince ƙashi?"

Ya zagaya wutar a hankali, sai ya tsaya cak a gaban wani faffaɗan dutse. Tsinkaye huɗu ne a jere, dogaye, bakinsu ya yi baƙi. Biyu na gora, biyu na itace, an haɗa kowane na gora da na itace.

Ya cire hularsa. Ni ma na cire tawa, na tuna tinnn ɗin daren jiya, ashe tasar matattu ce. Babu wanda ya kai shekarunmu bai riƙe irin waɗannan ba. Ba a cin abinci da su. Da su ake ɗaukar ƙashin mamaci bayan an ƙona shi, mutum biyu su kama ƙashi ɗaya tare su sa a tulu.

"Jana'iza aka yi," in ji Sakuji. "Kuma ba a yin ta da hannu ɗaya." Ya sunkuya yana bin yashi da ido. "Ga na biyun. Wannan ya zo bayan raɓa ta daskare, gari ya waye ke nan. Silifas na cikin gida. Da gudu ya zo. Nan ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Nan ya durƙusa." Ya nuna wurin da gwiwoyi huɗu suka bar rami kusa da juna. "Tare suka koma."

"Saku-san, mu ce ba mu ga komai ba."

"Ina so. Amma Genzo da Sensei za su cinye juna kafin Juma'a."

*

Da yamma muka taru a zauren ƙungiya, mu kusan ashirin, kowa da rigar sanyinsa, murhun kananzir yana huci a tsakiya. Sakuji ya shimfiɗa hankici a kan tebur ya jera tsinkayen. Hayaniya ta mutu.

"Genzo ya so ya sata, bai iya ba," ya ce. "Sensei ba shi da dalili. An ƙona dabbar a lungun duwatsu, an yi mata abin da ake yi wa mutum. Wanda ya ja amalanke ya kai ta ƙofar gidansu na dā tukuna, ta yi sallama. Ba zan kira suna ba. Ni sawu nake bi, a nan nawa aikin ya ƙare."

Mitsu ta ajiye butar shayi. Ta sa hannu a aljihu ta fito da ɗan ƙwallon roba, ta ɗora kusa da tsinkayen. Nawa ne, wanda na yanko daga wutsiyar dabbar. Ta ce in ara mata, na ba ta, har ina murna an sami mai sha'awar kayana.

"Tsune-san ya nuna mini," ta ce. "Ya ce in dubi abin mamaki, wani ya zana dutse da layi uku a ƙasa. Alamar gidanmu ce. Shunpei ya zana da wuƙa, ina zaune ina yi masa faɗa zai yanke hannu."

Na ji kamar a buɗe ƙasa in shiga. Shekara hamsin ina ganin alamar nan a jikin jirginsu, amma da na tsince ta sai kyanta kawai na gani.

"Wata guda aka hana mu neman waɗanda ruwa ya tafi da su," in ji Mitsu. "Aka ce akwai guba, aka sa shinge. Da aka buɗe, teku ta gama. Tulun da ke kabarinsa akwai agogonsa na makaranta a ciki, shi ke nan. Shekara shida ina zuba wa agogo ruwa. Sai ga wannan ya fito daga ruwa, janye da kayan ɗana, ya kwanta a bakin garinmu. Ku kuma kuka ce Juma'a za a yanka shi gunduwa-gunduwa a zuba a kwalabe."

"Mitsu-san," in ji Sensei a hankali, "dabba ce."

"Na sani, Sensei. Ban haukace ba. Amma shi kaɗai ne ya dawo."

Genzo ya fita waje. Muna jin yana fyace hanci.

Wata mata daga baya ta ce, "To wa ya kama mata?"

Sai Fumie ta miƙe daga kujerarta, tana dafa tebur.

"Da asuba na fito shanya, na hango hayaƙi," ta ce. "Zuciyata ta ba ni. Na ruga ko takalmi ban sauya ba. Na ce in na same shi da sauran nama zan fizge shi daga wutar da hannuna. Na tarar ya zama toka." Ta juya ta dubi Mitsu. "Na tsaya a kanta. Na so in shaƙe ta, ban ɓoye muku ba. Na ce Mitsu-san, jikarki ce fa kika ƙona wa hanya, jikarmu. Ba ta ma ji ni ba. Tana durƙushe da tsinkaye bibbiyu, hannu ɗaya na wannan, hannu ɗaya na wancan, tana so ta ɗaga ƙashi ita kaɗai, yana faɗuwa. Ta ɗago ta ce, Fumie-san, daga ƙafa ake farawa don ya tsaya daidai a tulu, shi kuma ba shi da ƙafa, ta ina zan fara?"

Ta dubi tsinkayen.

"Na ce mu fara daga wutsiya."

Sensei ya fita da wayarsa ya kira likitar. Bai daɗe ba ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ta ce toka ba ta magana. Hanta take buƙata, da huhu, da jini. Ta ce igiyar ma kaɗai tana iya kashe ta, gyambon kuma yana iya zama ciwo irin nasu. Ta ce ko da ta feɗe, dabba ɗaya ba lallai ta ba da amsa ba. In wata ta fito a kira ta."

"Yaushe wata za ta fito?" wani ya tambaya.

Suka juyo gare ni, don ni ke yawon bakin ruwa. Na ce ban sani ba. Wani sanyin huɗu, wani sanyin babu ko ɗaya. Ban taɓa tsammanin za mu zauna muna fatan wani abu ya mutu ba.

Sakuji ya naɗe hankicin da tsinkayen a ciki ya miƙa wa Mitsu da hannu biyu. Ta karɓa ta rusuna. Mutane suka fara neman takalmansu, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa.

Sai waya ta fara kuka a aljihun Fumie. Ta fito da ita, ta duba sunan, ba ta ɗauka ba. Wayar tana ta kuka a tafin hannunta. Ta dubi Sensei, ta dubi Genzo da ya dawo ya jingina da bango, ta dubi Sakuji, ta dube ni.

"Kanako ce," ta ce. "Ku da kuke cin kifin nan, ku da kuke aunawa, ku gaya mini. In ce mata ta kawo yarinyar?"